Saniya Mai Yankakken Kunne

Da aka kawo ni gidan miji a Bungudu, abin da na zo da shi nawa na kaina saniya ɗaya ce, fara, mai guntun ƙaho, gadon mahaifiyata. Wani dattijon Bafillatani abokin babana ke riƙe mini ita a garkensa, can wajen Ruwan Bore.

A wancan zamanin, kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, ba abin da mai dabba ke tsoro kamar cutar bushiya. In ta shiga garke, shanu su yi ta hawaye da gudawa, cikin mako guda mai shanu ɗari ya koma sai sanda.

Sai aka yi shela wai malaman dabbobi sun kafa sansani kusa da Tsafe, suna yi wa shanu allura. Wa zai je? Kowa ya ce dabarar jangali ce, a yanke wa saniya kunne don kada ta sake ɓuya. Cikin kwana biyu garkuna suka watse daji.

Ni kuwa ina da taurin kai tun ina yarinya. Na ga bushiya ta sa babana kuka, ban manta ba. Na aika wa dattijon nan cewa a kai tawa. Ya zo da kansa, ya ce, "Ɗiyata, kin haukace?" Na ce, "Baba, tawa ce ko taka?" Ya yi dariya har da tari, ya koma ya ja saniyar suka tafi.

Wayyo! Kwana huɗu da allura sai ga labari: saniya ta kwanta da zazzaɓi. Uwar mijina ta samu abin faɗi. Ko tuwo na miƙa mata sai ta ce, "Sannu, likita." Na daina cin abinci. Ashe haka allurar take, sai dabba ta ɗan ɗanɗana cutar kafin jikinta ya san ta. Bayan mako biyu aka dawo da ita a rame, kunne a yanke, tana fizgar ciyawa kamar ba gobe.

Damina biyu bayan haka bushiya ta zo. Garken dattijon ya kwanta kusan kaf. Tawa tana tsaye a tsakiyarsu tana tuƙa, ga ciki ya tsufa.

Sai da na manyanta wani jikana mai karatun dabbobi ya gaya mini cewa wasu mutane ne suka yi shekaru a wani gari mai sanyi suna gwada jinin shanu, suna kuskure suna sakewa har suka samo allurar, kuma da harajin talakawa ake ciyar da aikin. Na ce to, ashe jangalin ma ya taɓa yin rana!

Amma ranar da ta fi mini daɗi ita ce ranar da saniyar ta haihu, bayan an dawo mini da ita gida. Na sa aka kira dattijon, ya zo ba ko sanda, don ba abin da zai kora. Na ce, "Baba, 'yar maraƙar nan taka ce, ka sake farawa." Ya durƙusa ya shafa ta, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Yaushe malaman nan za su dawo? Ni zan fara kai ta."