Motar da Take Tsayawa Azahar

Duk wanda ya riƙe mota a Sakkwato a shekarun da soja ke mulki ya san Irmiya mai gyaran wayar mota a Gidan Igwai, ko da kuwa sanin bai yi masa daɗi ba. Mutumin kudancin Zariya ne. Ya shigo garin yana saurayi, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane akawu ya sayi abin hawa, ya kafa rumfar kwano a bakin titi, ya auri Naomi malamar firamare. Ya zauna har harshensa ya juye, in ya je gida Kirsimeti 'yan uwansa su yi ta kwaikwayon maganarsa suna dariya.

Hali ɗaya gare shi da ke ƙona ran masu motoci: ba ya taɓa motar da bai ga ciwonta da idonsa ba. Ka zo ka ce jiya ta mutu maka a hanya, yau kuma ga ta tana ruri lafiya lau, to ba zai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Sai ya rufe rumfa ya shige gefenka, ku yi ta yawo har ta sake mutuwa. Wasu kan ce taurin kai ne, wasu su ce son shan iska ne a motar mutane. Ni dai na san makanikan da ke canja fulogi tun mai mota bai gama bayani ba, kuma na san inda motocinsu suka ƙare.

Wata rana a tsakiyar bazara sai ga Lawwali, direban Alhaji Muntari mai shagon yadi a kasuwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya tuƙa Alhaji tun ba a haifi yaran da yake kaiwa makaranta yanzu ba. Ya ajiye doguwar motar nan ruwan toka ta ƙasar Turai, wadda Alhaji ya saya zamanin da naira ke da ƙiba, ya zauna a benci kamar an zare masa laka.

"Malam Irmiya, motag ga za ta raba ni da abincina," in ji shi. "Alhaji ya ce kabu-kabu nika yi da ita. Ya ce in ta ƙara, in aje mishi makulli."

"Yaushe taka mutuwa?" Irmiya ya tambaya.

"Da azahar. Kullum in na aje yara Sama Road, sai in kai ma tsohuwar Alhaji abinci Dundaye. Ina komowa sai ta ɗauke. In sauka in yi salla, in na gama in murɗa makulli, ta tashi awa ba ita ba."

Abin da ya ɓata lamarin shi ne, Alhaji da safe yake fita da sanyi, ya koma gida da la'asar sakaliya, motar ba ta taɓa yi masa ko tari ba. An wanke kafireta, an canja batir, an canja fulogi, kowane bakanike ya rantse lafiyarta ƙalau. Sannan aka sami masu kai rahoto, waɗanda ba a rasa su a kowace kasuwa, suka ce sun sha ganin motar a gefen hanyar Dundaye da mutane zagaye da ita. Matafiya ne da ke tsayawa su bi Lawwali salla, amma wa zai tsaya jin wannan?

Washegari Irmiya ya shiga gefensa. Suka ɗauko yara, suka kai abinci, rana ta take tsaka, kwalta tana tururi. Suna dawowa, daidai wani gindin dogonyaro, inji ya ɗauke ɗif, ba kaki ba gargaɗi. Irmiya ya yi murmushi irin na mafarauci da ya ga sawu.

Ya buɗe bonet, ya zare wayar kwayil ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce Lawwali ya murɗa. Babu wuta ko ƙyas. Tsofaffin motocin da Irmiya ya koyi aiki a kansu kontak gare su, ɗan ƙarfen da ke sakin wuta, ka buɗe ka goge da sanfefa ka wuce. Wannan kuwa wani ɗan baƙin akwati aka sa mata, bai fi sabulun wanka ba, a rufe ruf, shi ke ba kwayil umarnin sakin wuta. Irmiya ya ɗora yatsa a kansa, ya janye da sauri yana yarfe hannu. Wani gwani a baya ya taɓa kwance shi ya ɗaure shi dab da bututun hayaƙi, ga kuma ranar Sakkwato ta ƙara masa nata.

"Miƙo min butarka," ya ce.

Ya jiƙa tsumma da ruwan alwalar Lawwali, ya lulluɓe akwatin, ya ɗan jira. Aka murɗa makulli, mota ta tashi. Lawwali ya kama haɓa. Ashe duk sallar da yake yi, akwatin ne ke samun sararin hucewa.

"Alhamdu lillahi! Gyara ta yanzu, Malam, don Allah."

"Ba ni gyara ta yau."

Lawwali ya dube shi kamar wanda aka mara. Irmiya ya rufe bonet, ya goge hannu, ya ce, "In na gyara ta yau, mota ta warke, kai ba ka warke ba. Alhaji cewa za ya yi tsoro ka ji ka bar kabu-kabu. Har ka mutu kana ɓarawon da yat tuba."

Idon Lawwali ya kawo ruwa, don gaskiyar ta taɓa shi inda yake ciwo.

Samun Alhaji Muntari ya bar shago da tsakar rana ba ƙaramin aiki ba ne. Irmiya ya same shi cikin bandir-bandir na shadda, ya gaishe shi, ya ce ya gano ciwon amma ba ya gyara sai mai mota ya gani. Alhaji ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi ta yawo da shi cikin rana. Irmiya ya ce to madalla, akwai masu gyara da yawa a gari, ya juya. Ya kusa fita layin 'yan yadi aka kira shi. Alhaji ya sani sarai, a wannan zamani da kayan gyara suka yi ɓatan dabo, ba wanda zai samo masa sabon kaya, kuma ya gaji da canja fulogi.

Ranar da aka sa, Irmiya ya zo da jakarsa. A ciki akwai marfin tukunyar alminiyam da ya sato daga madafin Naomi, ya yanke ya huda, don ya ɗora akwatin a kai ya mayar da shi can gefen da iska ke bugawa. Naomi ta yi masa faɗan marfin nan har damina.

Alhaji ya zauna a baya fuska a murtuke, yana fifita da hula. Aka ajiye yara, aka kai wa tsohuwa abinci, aka juyo. Lawwali ya riƙe sitiyari gumi na bin wuyansa. Suka wuce dogonyaron nan mota ba ta mutu ba. Irmiya ya shiga zullumi, don irin wannan ciwon ba shi da alkawari, yana iya kunyata ka ranar da ka tara masa shaidu. Alhaji ya yi gyaran murya mai ma'ana. Bai rufe baki ba inji ya ɗauke, motar ta gangara gefen hanya ta tsaya.

"Ranka shi daɗe, zo ka murɗa da hannunka," in ji Irmiya.

Alhaji ya zagayo ya murɗa, ya sake murɗawa, shiru. Irmiya ya kama yatsan Alhaji ya ɗora a kan baƙin akwatin. Alhaji ya yi tsalle ya ja salati, yana hura yatsa. Sai ya tsaya yana kallon akwatin, ya daɗe, ya kasa ɗaga ido ya dubi direbansa. Kunya ta kama shi, kuma ta cancanta.

Daga wani ƙauye can gefe aka kira salla. Lawwali ya ɗauko buta da tabarma daga but kamar yadda ya saba, ya miƙa wa maigidansa butar. Suka yi alwala. Da aka shimfiɗa tabarma, Lawwali ya ja baya don Alhaji ya wuce gaba, kamar kullum. Alhaji bai motsa ba.

"Lawwali, shige ka ja mu."

"Haba Alhaji, ni?"

"Kai. Wanda nir riƙa da zato, shi ad da gaskiya. Shige."

Tsumman na hannun Irmiya a jiƙe, da ya ɗora shi a kan akwatin da motar ta tashi kafin su tayar da iƙama. Ya matse shi, ya cusa a aljihu, ya koma inuwar motar ya zauna. Daga nan yana jin muryar Lawwali da ya ɗaga hannu ya yi kabbara, Alhaji Muntari tsaye a damansa yana bin sa.