Ƙarfen da Baba Ya Ƙi Ɗaura Mini

Mutum yana manta abubuwa da yawa, amma ni dai har na koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da na ɗauko mahaifiyata daga ruga, da abin da ta ce ta gani a jikin motata da tsakar rana. Shekaru sun shuɗe, amma in na ji an ƙwanƙwasa ƙarfe sau uku sai tsikar jikina ta tashi.

Ni likitan dabbobi ne a Bauchi. Aikina kullum a daji yake, daga rugagen bayan Gubi zuwa na wajen Tirwun, kuma wanda ya san wuraren nan ya san dutse ne a kan dutse. Da na sayi tsohuwar jif mai jan taya huɗu, ban yi wata biyu ba duwatsu suka lotsa mini ƙasan ƙofofi, har ta kai ƙofar baya ba ta rufuwa sai da duka. Aka ce mini in sa ƙarfen kariya, wato dogon ƙarfe mai kauri da ake ɗaurawa a kowane gefe, ƙasa da ƙofofi, a kama shi da shasin mota. In ka zo matsatsin dutse, shi ne zai ɗauki nauyin motar ya zame a kan dutsen, jikinta ya tsira. Ba irin matakalar ƙawa mai ƙyalli da samari ke sawa ba, wadda dutse ɗaya zai naɗe ta kamar tabarma.

Aka haɗa ni da wani dattijo mai walda a Ƙofar Dumi, kowa Baba yake ce masa. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya gwada, ya fito ya ce zai ƙera mini da sabon bututu, amma sai na ba shi mako biyu. Ni kuwa, Allah ya yi ni da gajen haƙuri, ga taurin kai. Mako biyu? Ga damina ta kankama, ga rigakafin shanu yana jirana. Washegari na faɗa wurin 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin kayan mota, na yi ta tone-tone har na samo wasu guda biyu ƙirar waje, baƙaƙe, sun sha sabon fenti, daidai motata kamar don ita aka yi su, kuma da araha. Na kwaso su ina ta washe baki, a ganina na yi wa tsoho wayo.

Baba yana da wata al'ada da a lokacin na ɗauka tsufa ne kawai. Ba ya taɓa aiki da ƙarfe sai ya rataye shi da igiya, ya buga masa guduma, ya kasa kunne. Ya rataye na hagu ya buga, ƙarfen ya yi ƙara mai tsawo, garau. Ya rataye na dama ya buga, sai ya yi wani irin sauti gajere, a dushe, sannan wani abu ya motsa a cikinsa. Ya sake bugawa. Ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu.

"Likita, mayar musu da kayansu," in ji shi. "Wannan ya taɓa lanƙwashewa, da wuta aka miƙe shi. Kuma bugun da zai lanƙwasa ƙarfe mai wannan kauri, ban ga yadda mutanen cikin motar suka koma gida da ƙafarsu ba. Ni ba na ɗaura ƙarfen motar da ta ci mutanenta."

Na ce, "Haba Baba, ƙarfe ai ƙarfe ne. Ko dai don ba a hannunka na saya ba?"

Wannan magana har yau ina jin kunyarta. Bai yi fushi ba. Ya kwance igiyar, ya ajiye mini ƙarfen a gabana, ya ce Allah ya tsare hanya. Na wuce wurin wani mai walda a hanyar Tirwun, kafin la'asar ya ɗaura mini duka biyun ba tare da ya tambaye ni komai ba.

Kwana uku da haka na fara jin abin. Na tsaya a gindin wata ɗorawa da azahar, na kashe mota ina cin abinci, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga ƙasan ƙofar dama, kamar mai sallama da ɗan yatsa. Na leƙa, ba kowa, ko akuya babu. Na ce zafin rana ne ke sa ƙarfe motsi. Bayan haka ya zama kullum, kuma ba ya zuwa sai in motar ta tsaya, wuri ya yi shiru. Wata rana maiɗakina ta sa ƙafa za ta hau, sai ta janye, ta zagaya ta shiga ta baya. Na tambaye ta dalili, ta ce ita dai jikinta bai ba ta wannan gefen ba. Na yi mata tsiya, na ce ashe ita ma ta zama almajirar Baba. Amma gaskiya ni ma na daina waiwayar madubin dama in ina ni kaɗai a daji.

Ana haka, wata safiya aka kira ni daga rugarmu da ke bayan Gubi cewa Inna, mahaifiyata, ta kwana uku da zazzaɓi, ta daina cin abinci, har ta fara suma. Na isa wajen hantsi na same ta jiki kamar garwashi. Na san in ba a kai ta asibiti da wuri ba, sai dai wani ikon Allah. Ni ne ɗanta na fari, don haka bisa al'adarmu ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, kuma ban taɓa jin ta roƙe ni wani abu ba tunda na yi wayo. Muka kwantar da kujerar gaba muka sa ta, ƙanwata ta zauna a baya tana riƙe da kanta.

Hanya biyu ce daga rugar. Akwai mai nisa da ke zagaye dutse, akwai kuma ta yanke, wadda ke bi ta wani matsatsi a bakin kwazazzabo. A matsatsin nan dole ka jingina gefen dama na motar a kan wani falalen dutse, ƙarfen ya ɗauki nauyinta ta zame ta sauka, in kuwa ya saki, motar za ta karkata ta bi kwazazzabon. Dama don irin wannan wuri na sayi ƙarfen, sai na zaɓi yanke. An yi ruwa da asuba, sama ta yi fari, dajin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu.

Na zo bakin matsatsin na taka birki zan sa ƙaramar giya, sai ga shi: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Inna ta buɗe ido ta juya wajen taga. Ta yi kallo mai tsawo, irin wanda ake yi wa mutum, ba wa daji ba. Sai ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Kai wannan, tsaya yarinyar nan ta sauka."

Na ce, "Inna, wace yarinya? Ba kowa."

"Ga ta nan tsaye a kan ƙarfen, ta riƙe ƙofa. Tana girgiza maka kai."

Ƙanwata ta fara salati. Ni kuwa tsoro da haushi suka haɗu mini, na ce zafin zazzaɓi ne, na kai hannu kan giya. A nan Inna ta kama mini wuyan hannu. Matar da ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Na roƙe ka, kada ka wuce."

Na fita a fusace don in nuna mata ba kowa. Na zagaya, na hau kan ƙarfen da ƙafa biyu, na yi tsalle ɗaya ina cewa, "Kin gani?" Ban rufe baki ba na ji ƙas. Maƙalin da ya haɗa ƙarfen da shasi ya ɓalle, ƙarfen ya faɗi da ni ƙasa. Da na duba wurin karayar, rabinsa tsohuwar tsatsa ce da aka rufe da fenti. Nauyina ni kaɗai ya karya shi, ga shi saura taku kaɗan in ɗora masa mota da mutum uku. Murfin bakin bututun ma ya fita, wani abu ya gangaro kan dutse ya tsaya kusa da ƙafata. Ɗan ƙaramin awarwaro ne na azurfa, wanda ba zai shiga hannun babba ba.

Na leƙa kwazazzabon, na ja da baya, na tsinci awarwaron. Da na koma mota Inna ta riga ta rufe ido. Ta ce, "Ta tafi." Na ɗaure ƙarfen da igiyar shanu, na yi baya, muka bi doguwar hanya. Mun isa asibiti bayan azahar, aka sa mata ruwa, kuma Allah ya tashi kafaɗunta. Da ta warke na tambaye ta, ta ce ba ta tuna komai ba, ta kuma koma kawar da kai in na shigo kamar yadda ta saba.

Na koma Ƙofar Dumi da ƙarfen da awarwaron, kaina a ƙasa. Baba ya juya awarwaron a tafin hannunsa, ya ce mai yiwuwa ranar hatsarin bakin bututun ya buɗe abin ya faɗa ciki, masu gyara suka toshe ba su duba ba, shi ne yake motsi. Na ce to, wannan na ji, amma me ya sa ba ya ƙara sai mota ta tsaya? Kuma wa Inna ta gani? Ya ce, "Likita, ni ƙarfe na sani. Wannan kuma ka bar wa Allah, ka yi wa 'yar mutane addu'a." Na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa masa, na jira mako biyun nan cur. Ƙarafan da ya ƙera mini suna jikin motar har yanzu, sun sha dutse ba adadi.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka ɗora wa ranka da na mahaifiyarka, kada fenti da araha su zaɓa maka shi, kuma in wanda ya tsufa a sana'a ya ce a'a, ka tsaya ka ji ko da bai gamsar da kai ba. Ni an gaya mini da guduma ban ji ba, sai da aka aiko mini da yarinyar da ban san sunanta ba. Har yau ina sa ta a addu'a.