Hoton Baba a Sitatus

Maigidana ya daɗe yana yi mini tsiya wai datar wayata ta gaisuwa ce. Gaskiyarsa. Haihuwa, rasuwa, ko akuyar mutum ce ta ɓata, sai na tura murya. Har da wata ƙawata ta firamare da aka kai aure Maigatari, can kan iyakar Nijar, tana sayar da fura bakin kara inda ake cinikin shanu, rabona da ganinta tun muna 'yan mata.

Wata Alhamis mahaifina ya fita daga gidanmu na Gumel bayan asuba, har hantsi bai dawo ba. Tsohon dillalin shanu ne, tsufa ya fara taɓa masa hankali, wani lokacin ko sunana ba ya tunawa. Aka duba masallaci, aka duba tasha, shiru. Na ɗora hotonsa a sitatus, na rubuta cigiya a ƙasa.

Wa ya tsaya karatu? A wurinmu in aka ga hoton tsoho a sitatus, an san zancen. Saƙo ya fara shigowa: Allah ya jiƙan Baba, Allah ya sa ya huta. 'Yan uwa na Gagarawa har suna tambayar ƙarfe nawa jana'iza. Na zauna tsakar gida ina kuka ina masifa, rana tana ƙara zafi, tsoho ba ruwa ba takalmi, kuma ba mai nemansa tunda duk sun binne shi.

"Goge abin nan!" in ji maigida. "Ga amfanin jama'ar taki."

Na sa yatsa zan goge ke nan kira ya shigo. Ƙawata ce mai fura, tana sheshsheƙa.

"Ƙawata, sai haƙuri. Wallahi ɗazu-ɗazun nan na gan shi a kara yana taya wani bijimi, har na ba shi fura. Ashe bankwana ne."

"Ke! Ɗazu yaushe?"

"Ko ludayin ban wanke ba."

"Bai mutu ba, ɓata ya yi! Don girman Allah ki riƙe mini shi kafin ya bi motar Nijar!"

Na ji faɗuwar ƙwarya, na ji gudu da haki, ba ta kashe wayar ba. Ni da maigida muka kafa kunne. Can sai ga muryar Baba, a fusace:

"Wace ce wannan ke ja mini riga ana tsakar ciniki?"