Tumtum ɗin da ya je Taiwan ya dawo

A tsakiyar shekarun 1980 ina zaune a gidan yayana a Germantown ta ƙasar Amurka, ina shiga jirgin ƙasa kullum zuwa jami'a a cikin Washington. A saman kabad ɗin ɗakina akwai wani tumtum na jar fata, a ninke, ba a cusa masa auduga ba. Babanmu ne ya sa dukawa suka ɗinka shi a Zariya. Idan aka kunna na'urar ɗumama ɗaki sai ƙamshin jima ya sauko a hankali, in ajiye littafi in zauna ina jin kamar ina bayan kasuwa a gida. Ba don ni aka ajiye shi a can ba. Yaya ne ba ya son ganinsa.

Yaya injiniya ne a wani kamfanin na'urori da ke bakin babbar hanya. Yana da aboki guda ɗaya a ƙasar, ɗan Taiwan, abokin aikinsa, wanda ke zaune da matarsa a benen da ke kallon namu. Shi ya koya wa Yaya tuƙi a kan ƙanƙara, shi ya tsaya da shi a asibiti ranar da Anti, matar Yaya, ta haihu. Mota ɗaya suke shiga zuwa aiki. Kowace safiya sai mu ji ƙahon motar abokin a ƙarƙashin taga, Anti ta ce, "Injiniya, ga mutuminka nan ya iso."

Da kamfanin ya tura su Taiwan duba wata masana'anta, abokin ya ce lallai sai Yaya ya je gidansu ya gaida mahaifinsa. Yaya bai taɓa zuwa wannan ɓangaren duniya ba. Ya rasa tsarabar da ta dace da dattijo, sai ya ɗauki tumtum ɗin, abu mafi daraja da muka zo da shi daga gida.

Ranar da ya dawo mun sha dariya a kan tebur. Ya ce sun yi masa kifi da ganye saboda sun san ba ya cin alade, shi kuma don ya girmama uwar gidan sai ya share kwanonsa tas. Tana ganin haka ta sake cikawa. Ya sake sharewa, ta sake cikawa, har abokin ya raɗa masa cewa a wurinsu kwanon da aka share yana nufin baƙo bai ƙoshi ba. Ya ce ya gaji da fama da tsinkaye biyun da suke cin abinci da su, ya soka su a tsaye cikin shinkafa, sai ya ga an yi tsit. Ashe haka ake ajiye wa mamaci abinci. Anti ta ce da an san haka da an haɗa shi da cokali da mai tsaro.

Sai da take kwashe kayan akwatin ta ci karo da tumtum ɗin. Ta ɗago shi tana kallon mijinta. Ya ce dattijon bai karɓa ba, ya ture shi da hannu biyu ya ce a'a. Ya tashi ya tafi alwala.

A wurinmu mayar da kyauta ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda aka mayar wa ba ya tsayawa yana roƙo. Yaya ya ɗauka an raina abin, ko an raina shi. Bai yi faɗa da kowa ba. Kawai ya fara cewa yana da aiki da wuri, zai tafi a motarsa. Abokin ma bai tambayi dalili ba. Ƙahon safe ya daina, aka koma ɗaga hannu daga nesa a wurin ajiye motoci. Haka aka ƙare kaka, aka shiga sanyi. Yaya ya rage magana, ya daɗe yana zama gaban talabijin ba tare da yana kallo ba.

Wata Asabar Anti ta soya cincin, na ɗebi kwano guda na sauka ɗakin wanki da unguwar ke tarayya a kai. Na tarar da matar abokin tana ninke kaya, cikinta ya tsufa. Muka gaisa da ɗan nauyi. Na miƙa mata kwanon, ta ce a'a, ta gode. A daidai lokacin dusar ƙanƙara ta fara sauka a bayan ƙaramar tagar, manya manya, a hankali, kamar ba ta yanke shawarar isa ƙasa ba. Ni kuwa tun ina ƙarama idan abu ya ɗauke min hankali nakan manta da jikina. Hannuna ya tsaya a miƙe. Ta sake cewa a'a, na ce uhm, ban janye ba. Ta ƙara cewa in bar wa jariri da Anti, ban ma ji sosai ba. Sai na ji kwanon ya yi sauƙi. Ta ɗiba da hannu biyu tana murmushi, ta ci, ta ƙara.

Na ce, "Ashe kina so?"

Ta ce tun da na shigo take jin ƙamshinsa. Ta yi min bayani cewa a gidansu wanda ya karɓi abu a tayin farko mai kwaɗayi ne. Sai ka ƙi sau biyu ko uku, mai bayarwa ya matsa, sannan ka karɓa. Muka kalli juna, injin wanki yana ta juyawa. Daga nan ta faɗa min cewa surukinta ya riga ya zaɓi inda zai ajiye jar fatar nan tun da ya hango ta, sai kawai ya ga baƙo ya mayar da ita jaka ya zuge. Dattijon ya ɗauka sun yi wa baƙon wani laifi a wurin cin abinci. Ya yi wa ɗansa faɗa, ɗan kuma kunya ta hana shi tayar da maganar.

Na hau bene ban ko kwashe wankina ba. Yaya ya saurare ni har ƙarshe. Anti ta ce, "To Injiniya, kai da ka iya ciniki a kasuwar Sabon Gari, an ce maka albarka sau ɗaya ka juya ka tafi?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Auta, kin tabbata haka ta ce?" Na ce na tabbata.

Da matar abokin ta haihu, dattijon da matarsa suka zo ganin jika. Anti ta farke tsofaffin matasan kai ta cusa wa tumtum ɗin har ya tashi ya yi ƙiba, muka tafi barka mu duka. Dattijon ɗan siriri ne, yana zaune a ƙasa kusa da gadon jariri. Yaya ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Dattijon ya ture. Na ga Yaya ya fara janye hannu, duk da ya san abin da zai faru. Anti ta taɓa shi da gwiwar hannu, ya sake turawa. Aka sake turowa. A na uku Yaya ya manta da Turanci, ya ce da Hausa, "Baba, don Allah ka karɓa." Dattijon ya karɓa, ya shinshina fatar, ya sa ta a bayansa ya jingina. Aka kawo shinkafa, Yaya ya bar ɗan saura a kwano, yana satar kallon uwar gidan.

Ranar Litinin ina ɗaura ɗankwali zan fita tashar jirgi na ji ƙaho a ƙarƙashin taga. Yaya ya bar shayinsa rabi, ya ɗauki jaka ya sauka. Ƙamshin jima ya ɗan daɗe a ɗakina kafin ya tafi.