Dawisun Valliammai

Duk wanda ya san layin masu furanni a unguwar Mylapore, cikin birnin Chennai, ya san ƙofar Valliammai. Tun tana amarya, kullum da asuba sai ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta duƙa da kwanon garin shinkafa ta zana kolam, zanen nan da matan gida ke yi don arziki ya san inda zai shiga. Ba ta yi boko ba, ba ta da ɗa a Dubai, wainar shinkafa take sayar wa masu sammakon aiki. Zanen shi ne abin taƙamarta, kuma gaskiya ta iya.

Ciwon kanta ɗaya, Rukku matar tela, wadda ƙofarta ke kallon tata. Rukku na kiranta Akka, wato yaya, don girmamawa, suna aron gishiri da albasa, wata na goya jikan wata. Amma da watan Margazhi ya kama, lokacin da mata ke baje kolin zane, sai zumunci ya koma harara. Bara mutanen layi suka ce na Rukku ya fi kyau. Valliammai ta yi murmushi a lokacin, amma shekara guda abin na cin ta.

Ran nan ta fito da asuba, sai ta ga ƙofar Rukku wayam, ko shara ba a yi ba. Haba, ko yarinyar da ba ta iya ɗaura zani ba ta san ƙofa ba ta zama haka sai in an yi mutuwa a gidan. Valliammai kuwa, mace da furfurarta, cewa ta yi a ranta ai ragguwar ta makara. Ta kwaso launukan da take ɓoyo, ta zana dawisu ƙato, ta ja jelarsa har bakin dakalin Rukku. Tana yi tana 'yar waƙa.

Mai kawo madara ce ta tsaya a kanta, ta tambaye ta ko ba ta ji ba. Ashe cikin dare telan ya yanke jiki ya faɗi, an kai shi asibiti, kafin gari ya waye rai ya yi halinsa.

Ta ruga ta ɗauko bokiti, amma ina! Motar asibiti ta riga ta shigo layi. Masu ɗauke da gawa suka rasa inda za su taka, dole suka bi ta kan dawisun, suka shiga gidan makoki da shuɗi da kore a tafin ƙafa. Ba wanda ya zage ta. Ita kuwa da ƙasa za ta tsage, da ta shige.

Rukku ta sauko daga mota gashinta a warware. Ta dubi zanen, ta dubi bokitin.

"Bar shi, Akka, kada ki wanke," in ji ta. "Ai bara ma maigidana cewa ya yi naki ya fi. Ni ce na hana shi faɗa."

Tun daga ranar, Valliammai ƙofa biyu take sharewa ta yi wa zane, tunda a layin nan wadda mijinta ya mutu ba ta ƙara zane. Nata ɗan ƙarami take yi, fari, kamar na mai koyo. Na Rukku kuwa sai gwiwarta ta gaji take miƙewa.