Sawun Mota Lamba Sha Tara

Na'iya leburan hanya ne, ɗan Tambuwal. Shekara ashirin da biyu ya yi yana zuba tsakuwa a ramukan hanyar Kebbe, har ya zama idan ya dubi ƙasa zai gaya maka wace mota ce ta wuce, da kaya ko ba kaya, direban mai haƙuri ne ko mai gaggawa. Ba ya da yawan magana. Matarsa Tambaya takan ce ya fi hira da hanya a kan mutane.

A bazarar 1978 aka kawo tseren motoci. Turawa ne da wasu baƙi, cikin ƙananan motoci masu lamba a ƙofa, suna gudun da ba a taɓa gani ba a wannan yanki. Helman leburori, Ɗan'iya, ya miƙa wa Na'iya jar tuta, ya tsayar da shi a wata kwana mai kaifi, inda jiya-jiya ya gama shimfiɗa sabuwar tsakuwa.

"In ka ji ƙugi, ka ɗaga tuta su rage gudu. Shi ke nan aikinka."

Tun hantsi suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, tsakuwa na tashi kamar ana sheƙar gero. Da rana ta take, farar mota lamba sha tara ta iso. Mutum biyu ne a ciki da hulunan kwano, na gefen direba ya duƙufa kan takarda. Na'iya ya ɗaga tuta, direban ya ɗaga masa hannu, suka sha kwana. Sai ƙugin ya yanke. Bai yi nisa ya dushe ba, yankewa ya yi, kamar an kashe rediyo.

Na'iya ya ajiye tuta ya bi sawu. Taku arba'in bayan kwanar, a tsakiyar hanya, sawun tayoyin nan huɗu ya ƙare. Babu alamar birki, babu ta juyawa. Gaba da wurin babu komai sai sawun motocin da suka riga ta wucewa. Ko tsuntsu ba ya kuka. Ya karanta abin da ya sawwaƙa na addu'a, ya koma ya ɗauki tutarsa, don akwai sauran motoci.

Motar ba ta isa Kebbe ba. Kwana uku ana nema. Wani jami'i daga Sakkwato ya tsare shi da tambaya.

"Baba, gaya mini gaskiya, ina suka bi?"

"Ranka shi daɗe, abin da nig gani nika faɗi. Nan sawu yat tsaya."

Amma motocin baya sun riga sun tattake wurin. Jami'in ya ce rana ce ta bugi tsoho.

Bayan damina wani makiyayi, Dikko, ya zo har ƙofar gidansa ya ce shanunsa sun ƙi shiga wani kurmi, can yamma da hanya, tafiyar rabin yini. Suka tafi tare. Motar na nan a tsakiyar itatuwan da ko jaki da kaya ba zai ratsa su ba, kuma ba reshe ɗaya da ya karye. Ƙofofi a rufe. Hulunan kwano biyu a kan kujeru, an ɗaure maɗaurinsu. Na'iya ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ya janye da sauri. Da ɗumi.

Hukuma ta zo, aka sare itace goma sha ɗaya kafin a fitar da ita. Mutanen biyu ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Na'iya ya ƙara shekara shida a bakin aiki, amma ya roƙi helma ya mayar da shi ɓangaren Dogon Daji. Bai ƙara taka hanyar Kebbe ba, ko da ɗiyarsa ta haihu a can. Ita ta kawo masa jikan ya gani.