Kina Makka Kuma Kina Kuka?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Wata tara ban saka komai a nan ba, har masu kawo mini ɗinki suka zaci na koma Kano. Ina nan Makka, a unguwar Ka'akiyya. Ciwo na yi.

Ya fara ne bayan rasuwar Innata. Ta rasu a Kano, ni kuma iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ba a sabunta ba, babu halin fita. A waya na ga an ɗauke ta.

Bayan sati uku ina kan keken ɗinki da rana tsaka, sai ƙirjina ya ɗaure. Zuciya na bugawa kamar za ta fito, hannuwa sun yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga. Na yi kalmar shahada, don na ɗauka tafiyar ke nan.

Maigidana Haruna ya kai ni asibiti. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likita ya duba takardu ya ce, "Kullu tamam, lafiyarki ƙalau."

Sau huɗu muna zuwa, sau huɗu ana maimaita mini haka. Alhali abinci ya gagare ni, Harami ma na kasa shiga saboda cunkoso.

Bakin mutane ya fi ciwon ƙona mini rai. Goggo Rabi, ƙanwar mahaifin Haruna, ta taso tun daga unguwar Jarwal ta ce, "Ke Sa'adatu, ki ji tsoron Allah. Wasu gona suke sayarwa su zo nan. Kina Makka kuma kina kuka? Ƙarancin tawakkali ne."

Na sha zamzam, an yi mini ruƙiyya, ban bar azkar ba. Har na fara tunanin ko Allah ne ya yi fushi da ni.

A zuwa na biyar aka tura ni wajen likitan ƙwaƙwalwa. Larabcinsa da sauri, nawa kuma na kasuwa ne. Sai ya ce Haruna ya zauna ya yi tafinta.

Ku gaya mini, ta yaya zan ce ina jin haushin mijina don ya yi sakaci da takarduna, kuma shi ne zai fassara? Na ce babu komai. Muka dawo gida.

Wata ƙawata ta haɗa ni da mai ba da shawara ta waya daga wata ƙasa. Ita kuma ta ce in yanke hulɗa da dangin da ke damuna. In yanke zumunci? Da dangin mijina, a ƙasar da ba ni da kowa? Na kashe wayar.

Sai Allah ya haɗa ni da Daktora Maryam, ita ma likitar ƙwaƙwalwa ce. A unguwar Tandabawi nan Makka aka haife ta, kakanninta Hausawa ne, ta Sudan suka biyo. Hausarta a karye take, amma ta ce Haruna ya jira a waje, ta dube ni ta ce, "Sannu ya uhti, 'yar uwata. Mene ne sunan mama?"

Duk yawon asibitin nan ba wanda ya taɓa tambaya. Na ce Hauwa, sai kuka ya ƙwace mini. Ba ta hana ni ba. Da aka kira la'asar ta shimfiɗa mana darduma.

Ta ce, "Wannan ciwon firgici ne, an san shi, yana da magani. Imaninki na nan. Ki sha ƙwaya, ki yi addu'a, ɗaya ba ya hana ɗaya."

A zama na shida na faɗa wa Haruna gaskiya a gabanta. Sai ya ce, "Wallahi ban san kina riƙe da wannan ba. Ki yafe mini."

Watan jiya na yi wa Inna umara. A bene na yi ɗawafi, inda mutane ba su cika ba, ina numfashi yadda aka koya mini. Na gama da ƙafata.

Alhamdulillah. Na gode wa Daktora, na gode wa Haruna. Amma har yanzu ina jin takaicin watannin da na ɓata kafin in sami mai jin yarena, ga mu da yawa a garin nan.

In gwaji ya ce lafiya, jikinku ya ce a'a, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ku nemi tafinta wanda ba ɗan gida ba. Kada ku daina magani sai likita ya ce.

In kuma wani ya ce muku zuciyarsa ba daɗi, ku bar wa'azin tukuna. Ku ɗauko takalmanku ku raka shi asibiti.